Ƙasa a Cikin Kwanon Baba

Ni ne na kai Baba gidan jinyar tsofaffi, kuma har yau akwai mutane a ƙauyenmu da ba su yafe mini ba. Ba na ganin laifinsu sosai. A wajenmu tsoho a ɗakinsa yake jinya, a ɗakinsa yake warkewa ko ya cika, jikoki suna tsallake ƙafafunsa. Amma tun cikin sanyi ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta daina fita sai da ƙyar. Ga wani gyambo da doguwar kwanciya ta buɗe masa a kwankwaso, ya ƙi jin duk maganin da muka sani. Inna ce take juya shi safe da yamma, ita da nata bayan ya riga ya fara sunkuyawa. Da na ji labarin wata Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, da ta buɗe gida a hanyar Dawanau tana kula da irin su Baba, tana wanke musu ciwo kullum tana motsa musu gaɓoɓi, sai na ɗauke shi na kai. Dattawan ƙofar masallaci suka ce boko ya gama da ni, na je na yar da ubana kamar tsohon takalmi. Na ji, na haɗiye.

Washegarin ranar da na kai shi Inna ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon tuwonsa, ta ce in tayar da babur. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk bayan kwana biyu ina kai ta, tafiyar kusan awa guda, ta wuni a gefen gadonsa tana ba shi abinci a baki, tana ba shi labarin akuyar wa ta haihu, wa ya ci wa wa iyakar gona. Ni kuma in wuce firamaren da nake koyarwa, in biyo mata da la'asar. Baba ba ya iya mayar da dogon zance, amma yana cinye tuwonsa tas, kuma in labari bai yi masa ba yakan buga gefen gado da hannun hagu.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwanni, aka ce kowa ya zauna a gidansa. Labari ya riƙa zuwa daga birni cewa tsofaffi suna ta tafiya. Hajiya ta sa wa ƙofarta kwaɗo, ta ce daga yau ba mai shiga, ko da uwar da ta haife ta ce. Abinci dai a kawo a miƙa wa mai gadi. Na ce to mu mayar da shi gida mana.

Ta dube ni ta saman takunkumin da ta rufe hanci da baki da shi, ta ce, "Malam, ciwon nan yanzu ya fara haɗewa. In ka kai shi gida ya ruɓe, ba asibitin da zai karɓe ku a wannan hali. Ka bar mini shi."

Gaskiya ta faɗa, na kuma ji haushinta har na iso gida.

Ni ɗan zamani, na ce ai abin ba wuya, ga waya. Muka shirya da Hajiya za ta riƙe masa tata, mu kira ta bidiyo, kowa ya ga kowa. Na ja Inna har gindin kukar da ke bayan gidanmu, inda sabis yake ɗan kamawa in ka ɗaga hannu. Fuskar Baba ta fito, ya rame, hularsa ta zame gefe. Na miƙa wa Inna. Matar nan da take wuni tana zuba masa hira sai ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ta miƙo mini wayata.

Da muka kashe na ce, "Haba Inna, ai sai ki yi masa magana."

Ta ce, "In ce me? Kai kana tsaye a kaina, Hajiya tana tsaye a kansa."

Matar da tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ita nake so ta saki baki a gaban ɗanta na fari da baƙuwa. Shi ma Baban kunnensa ya yi nauyi, kuma ko lokacin da yake da lafiya bai ɗauki muryar waya a bakin komai ba. Sau uku muka gwada. A na ukun ya kalli abin, ya juya fuskarsa bango.

Hajiya ta yi masa bayanin annobar har ta gaji, bai yarda ba. Abin da ya sani shi ne matarsa tana zuwa duk bayan kwana biyu, yanzu ta daina. Na tabbata maganar ƙofar masallaci ce ta zauna masa a rai, ko da yake ba wanda ya kai masa ita: an kawo shi nan an yar. Sai ya daina ci.

Ina bin ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki in kai kwano, in zauna gindin darbejiyar da ke gaban gidan ina jira, can mai gadi ya miƙo mini shi. Da farko Hajiya takan leƙo ta ce loma uku ya yi. Daga baya loma ɗaya. Daga baya ta daina ƙirgawa. In na dawo gida Inna ba ta tambayata. Karɓar kwanon take yi ta ɗan auna shi a hannu, nauyinsa ya gaya mata komai, ta wuce madafa. Ta yi masa miyar kuka da daddawar da ta haɗa da hannunta, ta yi dambu, ta yi ɗanwake, ta dama fura da nonon da ta aika har ruga aka karɓo. Yadda suka tafi haka suke dawowa. A haka muka yi azumi, a haka muka yi salla ba armashi.

Bayan salla Hajiya ta fito har bakin ƙofa, ta tsaya nesa da ni. Ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Ruwan da nake ƙara masa da kunu cokali biyu ba za su riƙe shi ba. In bai koma cin abinci ba, ba gyambon ne zai tafi da shi ba."

Na kawo wa Inna maganar yadda take. Ta kalli gabas, inda hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Can ta ce in hau rumbu in sauko da damin iri.

A gidanmu ba a taɓa jefa ƙwayar gero a ƙasa ba sai Baba ya ce. Shi yake zaɓen iri tun da kaka, zangarniya ɗaya-ɗaya, ya ɗaure su daban. In ruwan farko ya sauka kowa yana rawar jiki, shi sai ya fita da sassafe da fartanya, ya tona rami, ya zura hannu ya damƙo ƙasar can ciki. In ta dunƙule ta riƙe shatin yatsunsa, a ɗauko sungumi a fara shuka. In ta wargaje, ko duk ƙauyen sun fita, mu sai mu jira. Tun ina yaro nake jin haushin jiran nan, don mu ne kullum abin tsokana a hanyar gona.

Inna ta zaro zangarniya biyu. Ɗaya dogon geron nan ne da Baba ya gada wurin mahaifinsa, mai jinkiri amma mai cika rumbu. Ɗayan gajere ne mai saurin nuna, wanda ni na samo wajen malaman gona, shekara biyu ina yi wa Baba tallansa yana kawar da kai. Ta naɗe su a tsumma.

Ta ce, "Ka ce wa Hajiya ta tambaye shi, wanne za a zuba a babbar gona."

Na ce, "Inna, mutumin da ko cokali ba ya ɗagawa?"

Ta ce, "Hannun hagun me ya same shi?"

Na daɗe a gindin darbejiya ranar. Da Hajiya ta fito, na ga dariya a idonta. Ta ce ya riƙe su ya daɗe yana murzawa da babban yatsa, ya kai hanci, ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Sannan ya ture gajeren har ya faɗo ƙasa. Na ce mata ai nawa ne wannan. Ta ce ita ma ta yi zaton haka, daga yadda ya ture shi. Bayan nan ta matso masa da tuwo, hankalinsa yana kan zangarniyar, ya ci kusan rabi.

Inna ta auna kwanon a hannu, ta sake aunawa. Ba ta yi murmushi ba, amma na jiyo ta tana yi wa kaji faɗa a tsakar gida, abin da ta daina tun da aka rufe ƙofar can.

Na ce, "Dabararki ta ci, Inna."

Ta juyo ta ce, "Wace dabara?"

Na ɗauka kunya ce. A raina na riga na gama fassara abin: an ba mara lafiya abin wasa ne don ya buɗe baki, yadda ake yi wa yaro mai ƙin kunu. Ko da na ga ta mayar da gajeren geron nawa can ƙuryar rumbu ta sussuke dogon, ban gane komai ba. Ilimin boko yana da daɗi, yana sa mutum ya gama fahimtar abu tun kafin ya kalle shi.

Ruwan farko ya sauka wata rana da la'asar, mai iska da hayaniya, ya cika kwatami ya ɗauke kafin magariba. Gari na wayewa na tarar Inna ta riga ni fita. Na same ta a babbar gona a durƙushe, ta tona rami ta zura hannu. Ta damƙo ƙasa ta cika ƙaramin kwanon nan mai murfi da Baba yake shan fura da shi, ta rufe, ta ɗaure da tsumma. Ta ce in yi sauri kafin rana ta ɗaga, kada in tsaya gaisawa da kowa.

Mai gadin gidan Hajiya dattijo ne mai tsare aikinsa. An ba shi injin feshi irin wanda muke goyawa mu yi wa wake, an cika shi da ruwan magani, an ce duk abin da zai shiga ya fesa shi. Kwanon abinci bayansa kawai yake fesawa. Da ya ga ƙaramin kwanon sai ya kwance tsumman ya buɗe.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ƙasa ce, baba. Ta gonarmu."

Ya ce, "Ƙasa? Ai ita kowa yake takawa, kowa yake tofa wa yawu." Ya saita bakin injin ya fesa, ya sa tsinke ya juya, ya ƙara fesawa, don kada a ce ya yi ha'inci.

Ina tsaye ina kallo. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi, mutum ne mai jin magana. Ban faɗe ta ba. Na ce a raina ai duk wasa ne, jiƙaƙƙiya ko busasshiya, Baba dai ya taɓa ya ji daɗi ya ci tuwo.

Hajiya ta fito da kwanuka biyu. Na tuwon ba komai a ciki sai shafen miya. A ƙaramin kuwa ga ƙasa a dunƙule, da shatin yatsu huɗu kwance a jikinta, har da karkacewar ɗan yatsansa da ya taɓa karyewa. Ta ce, "Ya ce a shuka. Da bakinsa ya faɗa, har sau biyu, na ji sarai."

Na tuƙo babur gida ina 'yar waƙata. Inna ta buɗe kwanon a zaure, ta daɗe tana kallon dunƙulen. Ta kai shi hanci. Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na shiga gyaran madubin babur da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Ya ce a shuka?"

Na ce, "Haka Hajiya ta ce."

Ta ce, "To ɗauko sungumi."

Sai a lokacin na gane da gaske take yi. Na ce ko mu ɗan jira ruwa na biyu, tun da ba wanda ya fita a ƙauyen. Ta ce ba ni ta tambaya ba. Ina gaba ina sara, tana baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Wani abokin Baba, maƙwabcin gonarmu, ya tsaya a kan iyaka ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Uwargida, ruwan nan fa bai shiga ba. Na tona da safe."

Ta ce, "Mai gonar ya ce a shuka."

Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya wuce yana girgiza kai. Wuni biyu muka yi muna shuka. A kan kowane rami ina iya ajiye sungumi in faɗi gaskiya, amma na riƙa gaya wa kaina ai wani ruwan yana tafe.

Bai zo ba. Gero ya tsiro layi-layi, kore shar. Baba ya riƙa aiko tambaya ta bakin Hajiya ko ya fito, ina cewa a ce masa ya fito, yana cin tuwonsa. Sai rana ta buɗe. Hadari ya taru da yamma, iska ta kwashe shi. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana miƙewa da safe, daga baya ya daina miƙewa. Kafin sati uku babbar gona ta koma fili, fiye da rabin irin kakana ya tafi a ciki. Waɗanda suke tsokanarmu a da saboda jira, bana gaggawa suke tsokanarmu da ita.

Wata safiya na ga Inna ta dawo daga gona da busasshen tsiro cike da hannu, tana zubawa a ƙaramin kwanon. Na tare ƙofa.

Na ce, "Wallahi ba zan kai wannan ba. Mutumin da da ƙyar aka samu ya koma cin abinci? So kike ki ƙarasa shi?"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ita ba ta ɗaga tata ba. Ta ce, "Tun da ya kwanta kowa daɗin baki yake yi masa. Kai ka yi masa, Hajiya ta yi masa, 'yan dubiya su yi masa. Yaro ake yi wa haka. Gonarsa ce ta ƙone, shi ya fi kowa cancantar ya sani."

Na zauna a kan turmi, ni mai 'ya'ya uku, kaina a ƙasa, na gaya mata maganar feshi.

Ta ce, "Na sani. Na ji warin maganin. Kuma ai ni na tono ƙasar, na san yadda ta bar hannuna. Ba ta kai ba."

Na ce, "Kin san ba ta kai ba, kika sa muka zuba iri?"

Ta ce, "Tambayarsa na yi, ya ba ni amsa. In zan tambaye shi sannan in yi abin da na ga dama, to me na aika masa?" Ta rufe kwanon ta ɗaure. "Na jira ka faɗa tun a zaure, a gona ma na jira. Yanzu kai za ka gaya masa da bakinka, kada ya zauna yana zaton hannunsa ne ya daina gane ƙasa."

A hanya na yi ta gardama da ita a cikin kaina. Ai da ta sake tono wata ƙasar washegari ta aika. Ai da ta shuka rabi. Duk gardamar ta riƙa faɗuwa a wuri ɗaya. Mutum ya yi wata biyu fuskarsa na bango, kalmar farko da ya aiko wa matarsa ita ce a shuka, ita kuma ba za ta mayar masa da ita ba. Ta san abin da za a rasa fiye da ni, don ita ce za ta auna gero a kwarya har wata kakar. Ban taɓa ganin girman Inna kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin ƙanƙantata haka ba.

Na roƙi Hajiya, ta yarda ta turo shi a keken marasa lafiya zuwa bakin baranda, can ƙarshen tsakar gidan, mai gadi ya ɗan buɗe mini ƙofa yadda kaina zai leƙa. Ranar na fara ganinsa ido da ido tun da aka rufe. An ɗora masa kwanon a cinya a buɗe. Saboda nisa da nauyin kunnensa dole na ɗaga murya, don haka mai gadi ya ji, sauran tsofaffin da ke shan hantsi suka ji, har wata mai tallan gyaɗa da ke wucewa ta tsaya ta ji yadda malamin makaranta ya tsaya aka jiƙa ƙasar ubansa.

Baba ya ɗauki tsiron ya murza, ya zube a yatsunsa. Ya buga hannun keken da hannun hagu.

Ya ce, "Sakarai."

Tsaf kalmar ta fito, ba gargada. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba.

Ya ce, "Kana... tsaye?"

Na ce, "Ina tsaye, Baba."

Ya ce, "Iri. Saura?"

Na ce bai kai rabi ba. Ya ce kada a taɓa sai ya faɗa. Ya shiga haki, na ɗauka ya gama. Sai ya ɗago ya ce, "Innarka. Ta shuka?"

Na ce, "Ta shuka, Baba. Duka gonar."

"Da na ce?"

"Ranar da ka ce."

Baba ya sunkuyar da kai a kan kwanon, kafaɗarsa ta hagu tana motsi. Hajiya ta matso ta tsaya tsakaninmu don kada in gani, ta yi wa mai gadi alama ya rufe ƙofa. Ina zaune gindin darbejiya dattijon ya zo yana ba ni haƙuri, na ce masa shi aikinsa ya yi. Da aka miƙo kwanon tuwo ba nauyi. Hajiya ta aiko cewa gobe a ƙaro, ya ce Inna ta fara rowar miya.

Da ruwa ya dawo, Inna ta sake tono ƙasa. Mai gadi ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya fesa tsumman waje kaɗai, ya kai da kansa har baranda. Ƙasar ta dawo a warwatse, wato a jira. Duk ƙauyen suka fita shuka, mu muka zauna. Bayan kwana biyu aka yi wani ruwan mai nauyi, ƙasa ta dawo a dunƙule, da saƙo ta bakin Hajiya: a zuba ragowar dogon a gabas, sauran filin a sa na yaron nan. Haka gerona ya shiga babbar gona, ta hanyar da ban taɓa so ba.

Daga nan ƙaramin kwanon bai huta ba. Ya kai ganyen farko, ya kai ciyawar da ta addabe mu lokacin noma, ya kai tsutsar da Inna ta samu a cikin kara, wadda Hajiya ta ce in muka sake kawo mata irinta za ta kore mu mu da Baban. Kowanne ya dawo da umarni, wani daidai, wani ni ban yarda da shi ba, duka Inna ta bi. Ba zan ce damina ta yi mana kyau ba. Mun makara, rumbu bai cika ba, maƙwabta sun fi mu nesa. Wannan shekarar tuwon dawa muka fi ci, Inna kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

An buɗe ƙofar Hajiya lokacin da gero ya isa tumu. Inna ta gasa guda biyu ta naɗe, na kai ta. Da muka isa ta wanke hannu ta shiga, ta waiwayo ko ina biye da ita. Na ce zan duba iskar tayar babur. Na zauna gindin darbejiyata har la'asar, na kuma roƙi Hajiya ita ma ta sami wani aiki a ɗaya ɓangaren gidan. Wannan karon dai na yi hankali.

Gyambon ya rufe. Bayan kaka muka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ya zaɓi irin baɗi da hannun hagu, zangarniya ɗaya-ɗaya, yana ture waɗanda ba su yi masa ba. Da bazara, kafin hadari ya fara taruwa, Allah ya karɓi abinsa. A ɗakinsa ya cika, jikoki suna shiga suna fita.

Inna tana cikin takaba ruwan farko ya sauka, don haka ba ta je gona ba. Da safe ta ba ni ƙaramin kwanon ta ce in tono mata daga tsakiyar babbar gona, in zura hannu sosai. Na kawo. Ta karɓa, ta rufe, ta jawo tsumma ta fara ɗaurewa yadda ta saba. Tana cikin ƙulli na biyu hannunta ya tsaya. Sannan ta kwance a hankali, ta buɗe, ta turo kwanon gabana.

Na ce, "Inna, ai kin fi ni sani."

Ta ce, "Tambayarka nake."

Na damƙi ƙasar. Ta dunƙule, na buɗe hannu, ta tsage gefe ɗaya amma ba ta zube ba. Ta waje ina jin maƙwabta suna wucewa da sungumi a kafaɗa. Na sake damƙa, don na san duk abin da ya fito daga bakina shi za ta yi, ko da ta ga ba daidai ba ne.

Na ce, "A jira."

Ta ce, "To." Ta ɗauki kwaryar irin da ta riga ta fito da ita, ta mayar ɗaki.